Yadda za ka more wasanni da sana'o'in gargajiya idan zama ya kai ka ƙauye

Malaman makarantar da aka tura karkara, da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, da 'yan bautar ƙasa, har da amaren da aure ya kai ƙauye, tambayarsu kusan ɗaya ce: in an tashi daga aiki, me mutum zai kalla a garin da babu komai sai gidan kallon ƙwallo? Abin kallo yana nan, sai dai ba a liƙa sanarwarsa a bango, ba a sayar da tikitinsa a waya. Yana bin lokacin shekara, yana bin ranar kasuwa, kuma ta hannun mutane ake shigarsa. Ga yadda ake bi, daki-daki.

1. Fara da gaisuwa, ka sami ɗan gari

Kafin ka tambayi inda ake dambe, je ka gai da mai unguwa, shi kuma ya kai ka wurin dagaci ko mai gari. Ka riƙe goro, ko sabulu da turare in ba mai cin goro ba ne. Ka cire takalmi a bakin zaure, ka rusuna, ka ce "ranka ya daɗe", ka faɗi aikin da ya kawo ka. Daga nan sai ka ce kana sha'awar ganin al'adun garin, kana roƙon a haɗa ka da wanda zai riƙa nuna maka.

Wanda ya fi dacewa shi ne sarkin samari ko wani na kusa da shi, domin duk wani taron dandali da saninsa ake yi. Ka kuma riƙe sunayen masu sarautun sana'a: sarkin fawa shi ne ƙofar dambe da hawan ƙaho, sarkin noma shi ne ƙofar gayya, sarkin maƙera na maƙera, sarkin makaɗa kuwa ya san bikin da za a yi nan da wata guda, tunda an riga an ba shi kafin alƙalami. Da ɗan gari kan ci gari.

Hattara: kada ka tsallake mai unguwa ka tafi wurin dagaci kai tsaye don kana ganin kai ma'aikacin gwamnati ne. Ba za a ce maka komai ba, amma za ka daɗe kana jin labarin wasa bayan an watse.

2. Zauna ka rubuta kalandar garin

Ka sami ƙaramin littafi, ka zauna da jagoranka ku bi shekara daga farko. Kalanda biyu ce ke aiki tare.

Ta farko ta noma ce. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, kowa yana gona, don haka wasan dare ya yi ƙaranci. Abin kallon lokacin shi ne gayya, inda samari ke taruwa su nome gonar mutum ɗaya ana buga musu gangar noma, ana yi wa kowa kirari har ya kai ƙarshen kunya. Idan an yi girbi, gero da dawa sun shiga rumbu, kuɗi ya shigo hannu, to daga kaka har cikin rani ne lokacin bukukuwan aure, da dambe, da kokawa, da farauta, da kalankuwa a garuruwan da ba su bar ta ba. Hutunka na shekara, in kana da zaɓi, kada ka ɗauke shi a wannan tsakanin.

Ta biyu ta watannin Musulunci ce: tashe a azumi, hawan ƙaramar sallah da na babba, maulidi, cika-ciki. Ita wannan tana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, saboda haka kada ka dogara da ranar bara.

Ka ƙara da farin wata. A garin da babu lantarki, gaɗar 'yanmata da langar samari sun fi armashi daga goma ga wata zuwa tsakiyarsa.

Hattara: ka tambaya tun farko abin da garin ya daina. Akwai garuruwan da malamai suka hana kiɗan dare, akwai waɗanda rashin tsaro ya hana su taron dare gaba ɗaya, musamman a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato. Wasan bori kuwa, ko ana yi, ba abin da baƙo zai shiga gari yana cigiya ba ne.

3. Ranar kasuwa

Kowane yanki yana da kasuwar mako, kuma ita ce babban dandalinsa. Wudil Juma'a take ci, Maigatari Alhamis, Dambatta da Mai'aduwa da Illela kuwa Lahadi. Ƙananan kasuwannin da ke kewaye da kai su ma kowace da ranarta; ka rubuta su.

Ka isa da hantsi, kafin rana ta take. Ka wuce layin kayan roba da atamfa, ka nufi gefe inda masu tukwane, da masu tabarmar kaba da faifai, da masassaƙa masu turmi da akushi, da dukawa masu kube da gafaka suke baje kaya. A zuwan farko kada ka sayi abu mai tsada. Ka tambayi kowa garinsu da ranar da yake aiki a gida, domin abin da za ka gani a can ya fi wanda ke kasuwa. Bayan la'asar kuma ka kasa kunne: in akwai dambe ko kokawa, a bayan kasuwa ake kafa fili, kalangu ne zai gaya maka wurin.

Kuɗin da za ka kashe a nan bai wuce na acaba zuwa da dawowa, da abin da za ka ci ba. Ka yi ciniki da ɗan acaba tun daga gida a kan zai dawo ya ɗauke ka, ka karɓi lambarsa. Kuɗin komawa da yamma kullum ya fi na zuwa, don kowa gida yake so.

4. Filin dambe da kokawa

A nan baƙi suka fi yin kuskure, don haka bari mu daɗe kaɗan.

Dambe asalinsa wasan mahauta ne, shi ya sa kalangu ke rakiyarsa. Ɗan dambe yana naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, a bi shi da zare a ɗaure tam, da shi yake kai naushi, ɗaya hannun kuma yana miƙe a gaba yana kare kai da shi yana auna tazara. Turmi uku ake yi. Wanda ya faɗi, ko hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, abin da ake nufi da kisa. In an yi turmi uku ba wanda ya kai ƙasa, sai a raba su a ce babu kisa. A manyan gidajen dambe za ka ji ana maganar ɓangarori uku, Kudu da Jamus da Guramada; a ƙauye kuwa sau da yawa gari da gari ne, ko 'yan gida da baƙin da suka zo yawon dambe bayan kaka.

Ga yadda za ka yi:

Ka zo da wuri. Yara ne ke buɗe fili, manya sai rana ta yi sanyi. Wanda ya zo a makare tsayuwa zai yi a baya yana kallon ƙeyar mutane. In fili ne da aka kewaye da zana ko kwano, akwai kuɗin shiga a ƙofa, kujera ko benci kuma da nasu kuɗin daban. In filin Allah ne, babu ƙofa, amma kada ka ɗauka kallon kyauta ne. Mataki na 5 zai yi bayani.

Ka zauna kusa da makaɗa, rana tana bayanka. Daga nan za ka ga abin da mai kallon waya ba ya gani: makaɗi ya sauya kiɗa ya ɗauko taken wani, sai ka ga wani ƙato da ke zaune shiru a gefe jikinsa ya fara tsuma, ya miƙe, ya tako tsakiyar fili, ya ɗaga hannun da aka ɗaure, ya fara kirari yana lissafa waɗanda ya kashe da garuruwan da ya yi kisan, ƙura tana tashi a ƙafarsa. Ni a ganina wannan ya fi naushin kansa daɗin kallo, domin wani turmin ba ya kai minti guda.

Hattara: kada ka tsallaka tsakiyar fili don ka gajarta hanya, kada ka taɓa hannun ɗan dambe ko layunsa ko da wasa, kada kuma ka ɗauki ɓangare da ƙarfi alhali ba ka san wanda ke zaune kusa da kai ba. In aka kashe ɗan gari, ka riƙe murnarka. In ka ga 'yan kallo sun fara miƙewa ana nuna juna da yatsa, ka kama hanya tun kafin jifa. Caca ma ana yi a gefe a wasu wuraren, ba ruwanka.

Kokawa ta fi dambe sauƙin kai iyali, don babu jini. Kaye ake nema, wanda ya kai ƙasa ya sha kaye. Wanda ke zaune a Nijar ya san matsayinta: gasar neman takobi da aka fara a Tawa a 1975 tana zagaya jihohin ƙasar takwas, kowace jiha da 'yan kokawa goma. Kafin a kai can, ana tankaɗe da rairaya tun daga ƙananan garuruwa, kuma waɗannan wasannin share fagen su ne rabon mazaunin karkara. Lokacin gasar kanta kuwa, rediyo ɗaya a gindin bishiya ya ishi unguwa.

In akwai rugar Fulani kusa, ka tambaya game da sharo. Kallo kawai za ka yi, daga nesa kaɗan, kuma da wanda ya san su.

5. Kyautar makaɗa da maroƙa

Makaɗin ƙauye ba shi da albashi. Abin da aka ba shi a fili da shi zai sayi fatar ganga, ya biya 'yan amshi, ya ciyar da gida. Wanda ya sha kallo ya tashi bai ba da komai ba, ya ci haƙƙi.

Tun ranar kasuwa ka nemi canji, takardun naira 100 da 200 da 500, ko 'yan silalla da jaka guda in a Nijar kake. Ka yanke abin da za ka iya kashewa tun daga gida, ka raba shi uku: na makaɗa, na ɗan wasan da ya burge ka, da ɗan abin da za ka ba jagoranka. Ka sa su a aljihu daban da kuɗin mota.

Ba a bayarwa a ɓoye. Ka miƙa wa maroƙi ko sanƙira, shi zai ɗaga ya sanar cewa malam wane ya ba da kaza, a gode maka. Amma fa ka sani, da zarar an san sunanka za a sa shi a waƙa, kuma in aka wasa ka sai ka sake sa hannu a aljihu. Shi ya sa ba a fitar da duka a tashin farko.

Hattara: a Najeriya sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya haramta watsa takardun naira ko taka su a wurin biki, hukuncin kuma ɗaurin aƙalla wata 6 ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Hukumar EFCC ta gurfanar da mutane a kan haka, yawanci saboda bidiyon da aka ɗora a intanet. Ka ba da hannu da hannu, ko ka sa a faifan da aka ajiye.

6. Je gidan mai sana'a, ka sa a yi maka abu

Hanya mafi sauƙi ta ganin sana'a ita ce ka zama mai sayayya. In ka je maƙera ka ce kallo ka zo, za a ba ka wuri na ɗan lokaci. In ka ce wuƙa kake so a ƙera maka, ko fartanya, ka sami dalilin zama har a gama. Ka je da safe. Za ka ga yaro yana zuga-zugi, gawayi ya yi ja, maƙeri ya ciro ƙarfe da awartaki ya ɗora a uwar maƙera, masaba tana sauka, yana juya shi ba tare da ya auna komai ba.

Haka za ka yi da sauran. Mai ginin tukwane ka ce randa ko tulu kake so, ka tambayi ranar gashi, don ita ce ranar kallo. Baduku ka kai masa wuƙar da aka ƙera ya yi mata kube. In akwai karofi a yankin, ka sayi farin yadi ka kai a rina da baba, daga nan a kai wa mabuga. Masu zama kusa da Kano suna da Kura, garin da aka sani da rini da bugu, da kuma marinar Ƙofar Mata a cikin birni.

Wajen ciniki, ka yi tayi, in ya ce albarka ka ƙara, har ya sallama. Ka ba da kafin alƙalami, kamar rabin kuɗin, sauran sai an gama. Ku yanke rana, amma ka ƙara mako guda a zuciyarka, in damina ce ma fiye, tunda shi ma manomi ne.

Hattara: kada ka matse mai aikin hannu a kan farashi kamar kana sayen bokitin roba. Faifai guda mai ado yana cin kwanaki. Kuma in kana son koyo, ka faɗa a fili, ka riƙa zuwa da ɗan abin hasafi. Wasu sana'o'in gadon gida ne, akwai abin da ba za a nuna maka ba, kada ka nace.

7. Na cikin gida

Wannan matakin na mata ne, namiji ya tsallake. Ke da kika zo baƙuwa, rabi na al'adar garin a cikin gidaje take, kuma ke kaɗai ke da izinin shiga. Ki fara da gidan da kike haya ko maƙwabta, ki gai da uwargida, ki ce "Inna" ko "Baba" yadda kika ji ana kiranta. Ranar suna ko biki ki je da gudummawarki, ko sabulu ko kuɗi, ki zauna har a kifa ƙwarya a ruwa a fara kiɗa. A nan za ki ji amada, da shantu in akwai masu iyawa, da waƙoƙin daka da na niƙa waɗanda injin niƙa ya kusa kashewa. Ki nemi tsohuwar da ke kaɗi da mazari ko saƙar faifai, ki zauna kusa da ita.

Tatsuniya kuma da dare ake yi, bayan an ci tuwo. Ki tara yara ki roƙi kakarsu ta ce "ga ta nan, ga ta nanku". In kika tambaya da rana, dariya za a yi miki.

8. Azumi da sallah

Tashe yana farawa ne in azumi ya kai kwana goma. Bayan an sha ruwa yara za su zo ƙofar gida ƙungiya-ƙungiya, wani ya yi gemun auduga, wani ya cusa tsumma ya yi tumbi, 'yanmata kuma da nasu wasannin na kwaikwayon zaman aure. Ka tanadi hatsi a kwano ko ƙananan kuɗi. Ka bari su gama wasan kafin ka ba su. Wanda ya miƙa sadaka tun daga bakin ƙofa ya kore su ne. In kai gwauro ne, ka shirya, ana iya zuwa tashe a kanka, kuma fushi ba ya fisshe ka.

Da sallah, ba sai ka je birni ba. Hakimai da yawa suna tafiya hawan sarki, amma akwai garuruwan da ke yin nasu hawan bayan an dawo. Ka tambayi ranar, ka tsaya inda dogarai suka nuna, ka riƙe hannun yara sosai lokacin da mahaya za su saki dawaki su kawo jafi.

9. Waya da ɗaukar hoto

Ka cika caji tun da rana a wurin mai sola, ka zo da abin ajiyar caji. A filin dambe da hawa ba mai hana ka ɗauka. A maƙera, ko gidan biki, ko wurin tsofaffi, sai ka tambaya. Matan aure ba a ɗaukarsu sai da yardarsu da ta gidan, kuma yardar ɗauka daban take da yardar ɗorawa a Facebook ko TikTok. In ka ɗauki makaɗi, ka rubuta sunansa da garinsu da ranar, ka tura masa nasa ta waya. Muryar tsoho mai ba da tarihin gari ta fi hotonsa amfani, kuma ba ta cin wuri a waya.

10. In za ka fita manyan bukukuwa

Bayan ka san na gida, sai ka ware kuɗi don fita sau ɗaya a shekara. Akwai bikin kamun kifi na Argungu a kogin Matan Fada, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Akwai hawan sallar Kano da ya shiga jerin a 2024, Hawan Daushe washegarin sallah, Hawan Nasarawa kuma a rana ta uku. Akwai Sallar Gani a Daura da Gumel a watan maulidi, da Bianu a Agadas a watan Muharram.

Kada ka hau mota sai ka ji sanarwa daga masarauta ko gwamnati a rediyo. Argungu ba kowace shekara ake yi ba, an taɓa shafe kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020, hawan Kano ma an sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan. Ka nemi masauki wurin ɗan'uwa ko abokin aiki tun da wuri, don ɗakunan haya suna tsada a ranakun. Ka yi tafiyar da rana, ka gaya wa mai unguwarku inda za ka da ranar da za ka dawo.